Baturiyar da ta zo mini ta'aziyya

Ranar Talata na sanar da rasuwar kawuna a X. Kafin a gama haƙa kabari, wata Baturiya ta riga dangi isowa. Gashinta kamar gemun masara, tana jingine da motar da ba tata ba, sunanta kuwa na jan lambobi takwas a wutsiya. Ta rubuta: "Madalla! Ni ma na ninka kuɗina cikin sati guda, tuntuɓi manajana."

Madalla fa! Na zauna ina tunanin ko Kawu ya yi wani auren ne ba mu sani ba. Mutumin da ko Kaduna bai cika zuwa ba. In matarsa ce, ina takaba? Ranar sadakar uku ta dawo da maganar manajan. Na tabbata ranar arba'in ma tana nan tafe. Na leƙa shafinta, ashe baiwar Allah ba ta barci: suna, ɗaurin aure, haɗarin mota, duk tana wajen, kuma ko loma ɗaya ba ta taɓa ci wa mai gida ba. A danginmu babu mai zumuncinta.

Elon Musk ya zuba dala biliyan 44 a 2022 ya sayi dandalin, yana cika bakin sai ya share irinta. Ya canza masa suna zuwa X, ya kori tsuntsun tambarinsa da bai ci masa komai ba, ita kuwa ko gezau.

Amma ita na'ura ce, ba uwa ce ta haife ta ba, na yafe mata. Wanda ya ƙona mini rai ɗan Adam ne mai hanci da baki. Ya shigo ƙarƙashin sanarwar yana tambaya: "Marigayin wace jam'iyya yake?" Da na yi shiru, ya ƙara da cewa an biya ni. A kan gawa! Yaro, wa ya yi maka tarbiyya?

Kuma da wace datar zan tsaya gardama da shi? Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ni sai na kashe tawa kafin in shiga banɗaki, in na fito kuma in tarar ta ragu. Wa ke sha? Wannan ma maganar wani makon ce.

Shi dai yaron na toshe shi. Baturiyar na bar ta, don ita kaɗai ce ta zo sadakar bakwai.