Akun da Ya Katse Addu'ar Surukina

Akun da na saya a Kasuwar Dole ta Zinder, mai launin toka da jan wutsiya irin na Kurmi, da kaɗaici ya ishe shi sai ya shiga fige gashin ƙirjinsa, domin a dajinsu garke-garke suke kiwo. Na ba shi madubi, na rataya masa ƙararrawa, na ɓoye masa gujiya cikin tsumma don ya sami abin yi, amma bai natsu ba sai da na mai da kejinsa zaure, inda hira ba ta yankewa daga hantsi har lisha.

Ran Alhamis surukina ya iso daga Damagaram Takaya, dattijo masanin fiƙihu, wanda in ya ɗaga hannu domin addu'a ba ya saukewa sai ya game da malamansa da malaman malamansa. Ina durƙushe, kaina a sunkuye, jama'a na ta amin, ya kai ga roƙa wa zuriyata albarka ke nan, sai muka ji daga saman ƙofa, da muryata sak, har da gyaran muryar da nakan yi kafin magana: "Malam, a taƙaita, tuwo na hucewa!"

Wallahi ko igwar Sarki Tanimu aka harba a zauren nan ba ta kaɗa mini hanji haka. Amin ta mutu a bakin jama'a. Hannuwan Malam suka tsaya a sama, ya juyo sannu a hankali, bai kuwa dubi tsuntsun ba, ni ya duba. Na buɗe baki zan rantse, aku ya riga ni, ya maimaita kalma-kalma ba gaggawa, sa'an nan ya rufe da amin.

Wanzami maƙwabcina ya matso ya yi mini raɗar da kowa ya ji: "Kwantar da hankalinka, a mazhabar Imamu Malik shaidar tsuntsu ba ta tabbatar da hukunci, sai ta adilai biyu." Da ya ga fatawar ba ta yi magani ba, ya ƙara da cewa tun farko da Faransanci ya kamata in hore shi, ko ya yi ɓaranɓarama Malam ba zai gane ba.

Malam ya shafa fatiha, ya ce da tattausar murya, "To, a kawo tuwon."

Gashin aku dai ya tofo sarai. Mai bukata ya same ni a Zango, har da kejin zan ba shi.