Hisabin Haƙora da Hawan Kibo

Tun da na ajiye aikin koyar da lissafi na sayi motar kaya da kuɗin sallama, wata Mitsubishi Canter mai shan gas wadda jama'a ke kira Kanta, ba abin da ya hana ni sukuni irin kukan injinta, domin ko a miƙaƙƙiyar hanya, ba kaya ba tudu, da zarar ta ɗauki gudu sai ta kama ruri, har mu da ke gidan gaba mu bar magana mu koma ishara, gas kuwa yana ta cinye ɗan abin da ake samu.

Na sa bakanike ya buɗe mini bakasil, na tsuguna na ƙidaya haƙoran da hannuna. Babban faifan yana da 37, ƙaramin da farfela ke juyawa yana da 6. Wanda duk ya san rabawa zai ga sai farfela ta juya sau 6.17 kafin taya ta kewaya sau ɗaya, ashe injin baiwar Allah gudu yake yi a tsaye. Na bi kasuwar Panteka ta Kaduna rumfa rumfa har na samo waɗansu masu 39 da 8, watau 4.88, wanda bisa ƙa'ida zai rage wa inji wahala da kusan humusi, kashi ɗaya cikin biyar.

Bakanike ya jujjuya su, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutanen Japan ba don mugunta suka sa mata wancan ba. Abin da ka ƙara a gudu, daga ƙarfin ja za a cire shi." Na zaro alli daga aljihu, na cika ƙofar garejinsa da hujjoji, shi kuwa da ya ga ba a ja da mai dalili, sai ya yi shiru ya kama aiki. Haƙƙinsa ne in faɗa, ya ƙware: ya shafa wa haƙoran jan fenti, ya juya, ya duba inda suka ciji juna, ya ƙara siraran zobban ƙarfe ya rage, har cizon ya zauna a tsakiyar haƙori, don idan ya karkata bakasil guɗa zai riƙa yi har ya ci kansa.

Da muka fita gwaji ba kaya, sai ga mota ta yi ladabi, tana tafiya salin alin. Abu ɗaya ya ɗaure wa direba kai: maleji na nuna 60, amma muna wuce motocin fasinja ɗaya bayan ɗaya, har ya fara yi musu addu'ar samun lafiya. Na fahimtar da shi cewa maleji daga giyabos yake ƙirga, bai sami labarin abin da aka yi a baya ba, saboda haka sittin ɗinsa wajen 76 ne a haƙiƙa. Don shukura ga wannan ni'ima na ɗauki tsohon faifan na kai makarantar Islamiyyar unguwarmu, wadda ba ta da ƙararrawa, na furta a gaban shaidu cewa na yi waƙafinsa har abada.

Sa'an nan muka yi lodin doya a Lafiya, muka bi ta Akwanga muka nufi Jos, ni a gaba da carbi, zuciyata fari ƙal. Wanda ya san hanyar ya san Hawan Kibo, inda ƙasa ke miƙewa tsaye don ta kai mutum tudun Filato. Direba ya sauko lamba uku, ya sauko lamba biyu, ya take totur har ƙasa, salansa ta turnuƙe duniya da baƙin hayaƙi. Ya sa lamba ɗaya, wadda a da takan hau da mu ko'ina ba gardama, mota ta yi nishi, ta yi karkarwa, ƙaurin kuloci ya cika hanci, daga nan ta tsaya cik, bayan ɗan tunani kuma ta fara komawa Akwanga da baya. Yaron mota ya dira da waigi yana salati, direba ya danne birki yana kalimar shahada, ni kuwa, da yake ba a san malami da firgita ba, na buɗe ƙofa ne kawai don in duba yanayin hanya, na same ni zaune cikin kwalbati, hula a wani wuri.

Aka kama sauke doya ana gwadawa, masu wucewa suna tayawa da farashin da ba ya halatta a ambata. Abin da nake so masu ilmi su lura da shi, ba ta motsa ba sai da aka sauke kusan humusin kayan, daidai da abin da alli ya nuna a ƙofar gareji. Na yi wa direba wannan bishara a nan bakin hanya, bai nuna farin cikin da ya kamata ba.

Da muka dawo na tafi makaranta, na gaida Malam, na kawo zancen faifai a hankali, na bayyana cewa shi da ƙaramin tare aka goge su a masana'anta, ba a aura wa ɗayansu baƙo, ga ƙaramin can a gida ba shi da amfani shi kaɗai. Ya saurare ni da natsuwa, ya tuna mini cewa a mazhabar Imamu Malik waƙafin da aka furta aka kuma karɓa ya fita daga hannun mai shi, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Ya ce, "Amma tun da Alhaji ya ce ba a raba su, a aiko mana da ƙaramin. Da ma da dutse yara ke bugawa."