Yadda Ake Gane Jam'iyyar Mutum Kafin Ya Sauya Ta

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa tsintsiya ta APC ce, lema kuma ta PDP ba, ko yaron da ke tallar gyaɗa a bakin titin Karofi ya san wannan. Darasin nan namu ne, mu da aka taɓa tsallakewa wajen rabon shinkafa saboda abin da ke kanmu.

Na ɗaya, hula. Idan suruki ya kawo maka jar dara tsaraba daga Kano, ka yi godiya, ka sa ta ƙarƙashin akwati. Ni kara ta sa na ɗora tawa na tafi ɗaurin aure Dutsin-Ma. Tun daga ƙofa samari ke ɗaga mini hannu suna "Kwankwasiyya!", suna jiran in ce "Amana", alhali ni abin da ya kawo ni waina ce. Mai rabon abinci, wanda hularsa ke ɗauke da zanen nan na Tinubu mai kama da takwas a kwance, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙa wa na kusa da ni faranti. Wai a Amurka ma jar hula ce tambarin mutanen Trump, abokan hamayyarsu kuma jaki ne alamarsu, kuma ba su ɗauke shi zagi ba. Kai dai gwada kafa jam'iyyar jaki a Kurfi.

Na biyu, jefa zancen fetur a teburin mai shayi, ka koma gefe. Wanda ya ce "sai haƙuri, gyara ake yi", ka san inda ya dosa. Wanda ya ce "ai mun faɗa muku" shi ma ka gane shi, ko da kuwa bai taɓa faɗa wa kowa komai ba. Wanda ya yi shiru yana juya cokali, ɗan acaɓa ne, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya fita daga kowace jam'iyya.

Na uku, ƙarar waya. Idan muryar Rarara ta tashi daga aljihu ana tsakiyar zaman makoki, to magana ta ƙare. Sai dai a lura da shekarar waƙar, domin shi kansa mawaƙin da ya yi shekara da shekaru yana wasa Buhari, a 2023 ya tara 'yan jarida ya caccake shi.

Kada kuma a yaudare ka da kayan gida. Kowane gida a garin nan majalisar tarayya ce: bokiti na wannan ɗan takara, buhun da ake shanya kuɓewa na abokin hamayyarsa, zanen goyo kuma ɗauke da fuskar wani da ya faɗi zaɓe tun 2015. Uwargida ba ta da ra'ayi a kan atamfa sai dai ko tana zuba.

Dattawa suna cewa da ba haka abin yake ba. Ɗan NEPU ɗan NEPU ne, ya sha bulala a gaban alƙali ya fito yana nan a bakansa. A 1979 mai mabuɗin PRP da mai gida da masara na NPN kowa ya san rumfarsa a kasuwa. Yanzu fa? Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya wuce NNPP a 2022, hular ba ta ko karkace ba. Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma, ya yi gwamna shekara takwas ƙarƙashin lema, a 2023 ya ɗauki tsintsiya. Su can ana tarbarsu da kiɗa da tafi, a rungume juna gaban kyamara. Mu nan akwai wa da ƙane da ba sa gaisawa tun zaɓen da ya wuce, a kan mutanen da yanzu suke cin tuwo a akushi ɗaya.

Na nawa ma muke? Bar shi kawai. Tun 1983 aka gama madatsar Zobe, kuma ba jam'iyyar da ba ta zo ta nuna mana ruwan da yatsa ta yi alkawarin noman rani ba. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa saboda 'yan bindiga, buhun taki kuma ya fi ƙarfinsa, don Allah wace hula zai sa? A gaya mini launinta in saya masa da kuɗina.

Da na so in ƙara da batun tsawon gemu da ɗagewar wando, amma wannan rigimar Izala da Ɗariƙa ce, kuma wallahi yau ba ni da ƙarfinta.