Ba Shiga, Amma Ina Ƙofar?

Mutanen Batsari da Safana! Ku gyara zama, Bahaɗeje ne ya iso, kun kuwa san tsakaninmu da Katsinawa ba a fushi. Wanda ya ɓata rai shi zai biya kuɗin shayi.

Na san tun ban buɗe baki ba wasunku sun ja tsaki. Wani dattijo a Runka zai ce, "Mi ya haɗa mu da wanga zance? Muna ta gero da ɓarayin daji, kai kana ta ban-ɗakin Turawa." Wani a Wagini zai ce yaron nan kwangila aka ba shi daga waje. Da an ba ni, ai da ba a motar haya zan zo muku ba, mu uku a kujerar gaba, ga akuyar wani a kan cinyata. Ku bari in kai aya, in ya so ku yi tsakin gaba ɗaya.

Ga abin da Turawan ke rigima a kai. Akwai waɗanda aka haifa maza suna cewa su a ransu mata ne, akwai kuma waɗanda aka haifa mata suna cewa su maza ne. Wasu su sha magani, wasu har a yi musu tiyata, wasu su tsaya ga sauya suna da sutura. Gwamnatoci suka yi doka cewa kada a kore su daga aiki ko a hana su gidan haya saboda haka, Birtaniya ma tun 2004 ta ba su damar sauya takardar haihuwa. Tafiya ta yi tafiya har aka iso bakin ƙofa: ban-ɗakin mata, ɗakin kwanciyar mata a asibiti, gidan da ake ɓoye matan da mazansu suka gallaba, kurkukun mata. Nan mata da yawa suka ce sam, ba takarda muke tsoro ba, jiki muke tsoro. A Sikotlan, cikin Janairun 2023, kotu ta kama wani da laifin yi wa mata biyu fyaɗe, ga shi kafin a gama shari'ar ya ce ya koma mace. Aka fara kai shi gidan yarin mata, ƙasa ta ɗauka da surutu, aka kwashe shi zuwa na maza. Su kuma masu sauyin suna cewa laifin mutum ɗaya bai kamata ya shafi dubu ba, kuma wanda ya shekara ashirin yana rayuwar mace, in ka tura shi ban-ɗakin maza, ka tura shi shan duka. Ranar 16 ga Afrilun 2025 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka haɗu a kan cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, suka kuma ce kariyar da dokar ta ba masu sauyin daga wariya tana nan ba a taɓa ta ba.

Na jiyo ku har nan: "Sai da alƙali biyar kafin su gane mace!" Ku dara, ni ma na dara. Amma ku rage kaɗan, don zan juyo da tocilan.

Duk duniya wa ya kai mu raba maza da mata? Ku bi kowane lungu a Safana ku ƙirga zaurukan da aka rubuta wa "Ba shiga" da fenti ko gawayi. Yaron da jiya yake faɗawa gidan maƙwabta ya suɗe tukunya, ranar da muryarsa ta fashe sai a ce masa, "Kai wane, daga yau zaure." Masallaci a rabe, biki a rabe, layin zaɓe a rabe, layin rabon taki a rabe. Harshen ma bai bar mu ba. Bature kalma ɗaya gare shi ta kai da ke, mu kuwa ko gaisuwa ba za ka gama ba sai ka yanke hukunci, ko ka kwana lafiya ko kin kwana lafiya. To mutanen da suka gina rayuwa kacokan a kan wa zai shiga wa zai tsaya waje, su ne za su ce zancen bai shafe su ba?

"Ai mu babu irin waɗannan a garinmu." Haba Alhaji! Wa yake soya kajin da ake rububi a tasha? Wane ne wancan da zani a ƙirji, yana juya waina da hannu ɗaya yana tafi da ɗaya, yana ce wa abokinsa "ke 'yar nan, miƙo min mai"? Da hantsi a tsine masa a majalisa, da magariba a aiki yaro da kwano, har da kashedin a ce ya sa romo da yawa. In biki ya tashi aka rasa mai iya tukunyar mutum ɗari biyu, shi ake kira, ya ratsa zaure ya wuce tsakiyar mata, "Ba shiga" na kallonsa yana kallonta. 'Yan daudu ba jirgi ya sauke mana su ba. Wani Ba'amurke ma, Rudolf Gaudio, shi ya taso takanas ya zauna da na Kano, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Gaskiya ne ba abu ɗaya ba ne da na Turai, don ɗan daudu ba ya zuwa ofis neman a rubuta shi mace, da yawansu ma da mata da 'ya'ya a gida. Amma tambayar ƙofa ɗaya ce: ina zai tsaya, ina zai shiga, in an kama shi a wane ɗaki za a rufe shi?

Kafin wani ya ce na fita daga addini, bari in shiga zauren malam. Almajiran da suka sauke Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna hukunci da shi, sun san da wace mas'ala ya rufe: gadon mata-maza, wanda Allah ya halitta da alamun jinsi biyu. Malamai ba su ja tsaki ba. Zama suka yi suka jera alamu, ta ina yake fitsari, ko gemu ya tsiro, ko nono ya fito, ko haila ta zo. In duk an duba abin bai warware ba, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Wannan halitta ce, ba zaɓi ba, kuma har gobe ungozoma na karɓar irin haihuwar nan, a yi ƙus-ƙus a rufe. Yaron ya girma, a rasa ɗakin kwanan da za a sa shi a makaranta, iyaye su cire shi su ajiye a gida. Akwai kuma hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari, na mai ɗabi'ar mata da yake shiga ɗakin Ummu Salama. Ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji shi yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa ga wani namiji, sai ya hana irinsa shiga wurin mata. Kun ga abin da alƙalai biyar suka yi wa zama a Landan, an taɓo shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Ko a Najeriya ma maganar ta je kotu ta ƙofar baya. A Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky, wanda ya shahara da shigar mata, wata shida. Ba don jan baki ba, don liƙin naira a wurin biki. Nan take ƙasa ta ɗauki tambaya ɗaya, gidan yarin maza ko na mata? Da kotu ta tambaye shi ya ce shi namiji ne, hukumar gidajen yari ta ce ɓangaren maza za shi. Shekara biyu kafin nan wani ɗan majalisar wakilai daga Bauchi ya kai ƙudurin a ɗaure mai shigar jinsin da ba nasa ba wata shida, ko tarar naira 500,000. Na ce to, a fara da masu wasan kwaikwayo da yaran tashe, mu ga wa zai rage.

Yanzu ku ajiye dariyar, don abin da ya kawo ni ke nan. Bayan harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, na shigo Batsari gaisuwa. Aka kai ni wata firamare da mutanen ƙauyukan bakin dajin Rugu suka fake. Aji ɗaya, tabarmi jere, ƙullin kaya a kusurwa, allo har da sauran lissafin yara. Na ga wata baba ta ƙi karɓar ruwan da aka miƙa mata, ga rana na dukan ƙwaƙwalwa. Na ce, "Baba, azumi kike?" Ta sunkuyar da kai, wata ta kusa da ita ta ce min a hankali, "Ɗana, in ta sha ina za ta?" Masan makarantar ba ƙofa, maza kuma na zaune a inuwar da ke fuskantarsa. Sai duhu ya yi suke fita su uku su huɗu, biyu su ja zani su kare, ɗaya ta tsuguna. A garin da ake gudun duhu.

Tun ranar nake lura. Kasuwa ta ci, mai tallar fura ta wuni tun safe har la'asar, ina take zagawa? Yarinya ta fara al'ada a makarantar jeka-ka-dawo, ban-ɗaki ɗaya ne, sakata ta ɓalle, samari na zirga-zirga, sai ta ce kanta na ciwo ta tafi gida, wata mai zuwa ma haka, har a daina ganinta. Turawa suna faɗa a kan wa zai shiga ban-ɗakin mata saboda suna da shi. Mu mun fi kowa iya faɗin wanda ba zai shiga ba, ginin ne ba mu yi ba. Ku da ake wa kirari da kunya, 'yan ɗakin kara, wannan ba ta isa abin kunya ba?

Kada ku ce Bahaɗeje bai da bakin magana. Jigawa ce jiha ta farko a Najeriya da aka ba shaidar daina bahaya a fili, a 2022, mun riga ku karɓar takarda, sai ku yi haƙuri. Amma tsakani da Allah takarda ba ta hana sakata ɓallewa, mu ma akwai namu a gida.

Ban ce ku kwaso dokar Ingila ba, su kansu ba su gama da ita ba. Ban kuma ce ku tara yara su jefi mai waina ba, don wanda ka ci abincinsa shekara goma ya wuce jifa a wurinka. Abin da na roƙa ƙarami ne. In kansila ko ciyaman ya zo neman ƙuri'a, kafin ya sauke buhun shinkafa ku kama hannunsa ku zagaya da shi bayan makarantar 'yan mata, da kasuwa, da asibitin garin, ya nuna muku ban-ɗakin mata mai ƙofa da sakata da ruwa. Ranar da kuka gina, ku aiko min. Zan zo da fentina in rubuta muku "Ba shiga" kyauta, ku dai ku biya kuɗin shayi.