Yadda Ake Sayen Makirfo Ba Tare da An Sayar da Babur Ba

To, ka yanke shawarar zama mawaƙi. Allah ya ba da sa'a. Tunda su Fancy Gadam sun cika filin ƙwallon Tamale, kai me zai hana ka? Sai dai kafin ka ƙirga sidin da ka tara, shiga ɗakinka, rufe ƙofa, yi shiru na minti ɗaya. Duk abin da kunnenka ya jiyo, da shi za ka yi waƙar.

Makirfo iri biyu ne. Akwai kwandensa, mai kunnen ɓera, wanda ake gani a hoton sitidiyo rataye cikin zobe. Shi ba ya raina sauti. In a Bawku kake, zai ɗauko kukan zabi da cinikin albasa da babur mai tahowa daga iyakar Togo. A Yendi kuwa, in bikin Damba ya kama, makaɗan fadar Ya-Na za su shiga faifanka kyauta, kuma sun fi ka iyawa. Ga shi da tsirfa: yana son wuta bolt 48 daga wani akwati na daban da dole ka saya, ba ya son laimar damina, ba ya son ƙurar hunturu. Wato ba ya son arewacin Gana.

Na biyu shi ne dainamik, irin na ladan da sanƙira. Kurma ne mai hankali, bakin da ke kusa da shi kaɗai yake saurare. Ya faɗi ƙasa, ka ɗauka ka hure, ka ci gaba. Shure SM58 tun 1966 ake jifa da shi a dandali bai mutu ba. Kada girman kai ya hana ka: yawancin muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982 da dainamik aka ɗauka. In aljihu ya yi tari, Behringer XM8500 ya wadatar. In ba ka da akwatin haɗa makirfo da kwamfuta, nemi Samson Q2U, wanda ake soka wa kwamfuta kai tsaye ta USB.

Yanzu maganar kasuwa. In wani a Kumasi ya miƙo maka SM58 a farashin kwanon wake da shinkafa, yana rantsuwa da iyayensa, auna shi a tafin hannu. Na gaske yana da nauyi, jabu kamar ludayin duma. Sa a jona a gabanka, ka yi sallama sau uku. Wanda launinsa ruwan gwal ne, aka haɗa masa ƙafa da soso da igiya duk a kwali ɗaya, wannan na hoto ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tunda an ambaci rariya, ari ta tace koko ka kafa tsakanin bakinka da makirfon, don iskar “fa” da “ba” kada ta buga shi. A wanke tukuna.

Ɗaki kuma rataya barguna, jingina katifa a bango, kashe fanka, ka yi gumi. Kada ka fara in hadari ya haɗu, rufin kwano ba ya ragi.

In kuɗin ba su kai ba, tuna Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga kafin yaƙin 1892 ya tarwatsa garin, da tawada da alƙalami kawai ya yi aiki, har yau ana karanta waƙoƙinsa. Na faɗa wa ƙanena haka, sai ya ce in ba shi rancen sidi ɗari biyar.