Bakano, Ajiye Gwangwanin Fentin Nan

Bakano bawana, labari ya iso mana har Tudun Wadar Zariya cewa ka sauya sana'a. Wai ka daina sayar wa 'yan tasi da masu A Daidaita Sahu kayan gyara, ka koma farautar tsofaffin sassan motocin soja za ka riƙa aika wa Turawa masu tara su. Har kati ka buga da ruwan zinare, alhali duk jarin bai wuce buhu biyu na tarkacen da ka saya a hannun 'yan jari-bola ba. Ban yi mamaki ba. Bakano in ya ji ƙamshin dala, ko a ƙasan rijiya take sai ya ari guga.

Tunda ilimi a Zazzau yake, zauna in karantar da kai kyauta. Na san bayar da kyauta ba ta cikin tarbiyyarku, amma wajen karɓa ba a bar ku a baya ba.

Motar da mutanen nan suka fi haukacewa a kanta ita ce ƙaramar jif ta sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1941 zuwa 1945 kamfanin Willys da ke Toledo da kamfanin Ford sun ƙera kusan 640,000, zubi ɗaya, yadda kayan wannan ke shiga jikin waccan. Sai dai Ford ya bi kayansa yana buga musu harafin F mai lanƙwasa, har a kan ƙusoshi. To Baturen da ke da ƙirar Ford, wato GPW, ba ya son ko ƙusa ɗaya marar wannan harafi a motarsa. Zai sa madubin ƙara girma ya duba, ya gwada lambar da ke jikin inji da wadda ke littafi, sannan ya biya ninkin ba ninkin abin da zai sayi sabuwa. Abin da ya fi daraja duka shi ne kayan da ba a taɓa ɗaurawa ba, suna kwance cikin daskararren giris na soja, a naɗe da takarda mai maiƙo, kwalin ya yi ja don tsufa.

Kai kuma me ka yi? An ce ka tara yaran shago, ka raba musu burushin waya da sanfefa, suka kankare komai tas, suka wanke da fetur, ka fesa baƙin fenti mai sheƙi. Kwalayen kuwa aka hura wutar shayi da su. A Ƙofar Ruwa wannan dabara tana ci: a goge kabureta ta yi ƙyalli, a rantse cewa 'yar Beljiyam ce, bakanike ya karɓi nasa kason, kowa ya kama gabansa. Amma a wannan kasuwa lambar da ka goge ita ce kuɗin. Ka yi kamar wanda ya gaji tsohuwar rigar saƙi, ya kai wa tela ya warware aikin hannun ya yi mata na keke.

Su wa kake shirin yi wa wayo ma tukuna? Mutanen da kowace shekara a watan Yuni suke ɗora motocinsu a jirgin ruwa su nufi Normandi ta ƙasar Faransa, inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944. A 2024, da aka cika shekara 80, ɗaruruwansu suka yi jerin gwano a ƙauyukan yankin. Dattijo mai furfura zai tsaya gaban mota ya ƙirga tsagar da ke fuskarta: ta yaƙi tana da 9, ta farar hula da aka fara yi daga 1945 tana da 7. Ya san wadda kamfanin Hotchkiss ya ƙera wa sojan Faransa daga 1955 zuwa 1966, ya san ta Mahindra ta Indiya, duk kamarsu da ta asali. Wannan ne za ka ce wa "wallahi ko ni ban samu haka ba"?

Sai batun sitiyarin da kake cewa daga ƙasar Bama ya zo. Haba Alhaji! Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 sun je Bama, gaskiya ne, kuma mu muka fi ku sani, don barikin Chindit a garinmu yake. Amma galibin tafiyarsu a ƙafa suka yi ta cikin daji da kaya a ka, kuma da suka dawo a jirgin ruwa jakunkuna suka sauke. Abin da zan yarda da shi kawai, filin jirginku ya kasance zango ga jiragen yaƙin da ake tasowa da su daga Takoradi zuwa Khartum. Ko motocin da suka yi aiki a can, da akwai saura, tuni kun narka su an yi rodi. Abin da za ka iya tsinta a ƙasar nan shi ne kayan Land Rover da Bedford na Ingila, da na Steyr da aka harhaɗa a Bauchi. Su ma suna da masu nema, in ka san abin da ke hannunka.

Ga doka kuma. Tarkacen ƙarfe yana cikin jerin kayan da aka hana fitarwa daga Najeriya. Kana bukatar rajista da hukumar NEPC, ka cike fom ɗin NXP ta banki. In ka rubuta "tsohon ƙarfe" ka faɗa haramci, in ka rubuta "kayan soja" za a so a ji inda ka samo su. Rasidin gwanjo kuwa na san ba ka ajiye ba, an ƙunshe gurasa a ciki.

Masu cin moriyar wannan harka da gaske suna Filifin. Jif ɗin da Amurkawa suka bari bayan yaƙi su suka mayar motocin haya, suka ƙware a bugun bodi, har kamfanin MD Juan yake ƙera sabon bodin jif yana aikawa Turai da Amurka. Maƙeran Kano da na Panteka ta Kaduna ba hannu suka rasa ba. Awo ne matsalar. Ƙusar jif da inci aka yanka ta, ta tsohuwar Land Rover ma da nata awon na Ingila, sifanar da ke akwatinka ta milimita ce. Ku kuwa in abu ya ƙi shiga, "ai duk ɗaya ne, miƙo guduma."

Abin da zai fi ɗaga maka hankali na ajiye shi ƙarshe. Baturen nan in ya buɗe kwali ya ga ba abin da ya biya ba ne, zai maido maka da kayanka ya ce ka maido masa da kuɗinsa, har da na jigila. Tun da nake ban taɓa ganin kuɗi ya shiga aljihun Bakano ya fito da rai ba. Saboda haka kafin ka sake fesa wa wani abu fenti, ɗauki hotonsa da lambarsa ka turo min. Ni zan duba, ni zan rubuta wasiƙun Turancin. Ladana kashi 10 cikin 100 ne, a hannu, kafin kaya su bar shago. Bashi kam ko Sarkinku ne ya tsaya maka ban yarda ba.