Wa Ya Binne Ƙaho a Gonar Bature?

Na san abin da za ku ce tun kafin in gyara zama. "Malam, duk abin da ke damun jama'a, ka rasa abin rubutu sai gonar giya?" Ku kwantar da hankalinku, alhazai. Ban taɓa kurɓa ba, ba kuwa zan fara da furfura a gemu ba. Kwalbar tasu ce, su ƙarata can. Ni ƙudan zuma na biyo, shi ya shigar da ni gonar inabin Faransa, ina shiga kuma na tarar da Bature durƙushe yana binne ƙaho.

E, ƙaho. Na saniya, kuma wadda ta taɓa haihuwa, na sa ba ya yi. Ana dubo ɗanyen kashin shanu a ɗura a ciki har baki, a tona rami da kaka, a jera ƙahonin a rufe. Sai sanyinsu ya wuce, bayan kamar wata 6, a tono. Abin da ke fitowa baƙi ne wuluk, yana marmashewa a hannu, warin kashi ya tafi, sai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. A ɗebi abin da bai fi cikin tafin hannu ba, a zuba a ganga da ruwa, a kama juyawa. Awa guda cur. A juya dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, a katse shi, a koma hagu. Da yamma a bi gona ana yayyafawa, wannan ɗan abin na hekta guda ne. Sunansa lamba 500. Akwai 501, garin farin dutse a cikin ƙaho. Akwai furen da ake cusawa a mafitsarar barewar ƙasarsu, akwai wanda ake ɗurawa a hanjin saniya, akwai ɓawon itace da ake zubawa a ƙoƙon kan dabba.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, in aka kama mutum a ƙauyenku da magariba yana binne ƙaho a gona, ina zai kwana? Gaban mai unguwa, ana tambayarsa wa ya aiko shi. Can kuwa takardar shaida ake ba shi, a manna tambari a jikin kayansa, kuɗinsu ya ƙaru.

Shehin wannan ɗariƙa shi ne Rudolf Steiner, masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya. A watan Yunin 1924 ya gabatar da laccoci 8 ga manoma a Koberwitz, kusa da Breslau, wurin da yanzu yake cikin Poland. Kuka suka kai masa cewa tun da takin zamani ya shigo ƙasa take gajiya, iri yake raunana. Ya ce su ɗauki gona kamar jiki ɗaya mai rai, dabbobinta su ba ta taki, ita ta ciyar da su, a riƙa duba wata da taurari kafin shuka. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu, a 1925. Almajirai suka ci gaba, suka sa wa abin suna bayodainamik, tambarinsu na Demeter ya fito a 1928. Abin dariyar shi ne Steiner da kansa ba ya ƙaunar barasa, yana jan kunnen mabiyansa a kanta. Yau ga shi masu giya ne suka fi kowa tallata sunansa. Kowa ya bar wasiyya ya yi hattara da magada.

Alhaji na kasuwar kwari, na ga kana girgiza kai. Camfi ne, ko? Ba zan yi maka musu a kan ƙahon ba, ni ma ban saya ba. A Therwil ta ƙasar Suwizalan tun 1978 ake wani gwaji da ake kira DOK, an jera gonar bayodainamik, da ta takin gargajiya zalla, da ta takin zamani da magani. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna gonakin da ba a zuba wa sinadari ba amfaninsu ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma tana da sauran halittun cikin ƙasa sun fi yawa a cikinsu. To, sai dai wanda aka ba shi takin da ya ruɓe sosai tare da ruwan ƙaho, ya za a gane wanne ya yi aikin? In an ba mara lafiya allura da rubutu rana ɗaya, ya tashi, likita da malam duk za su karɓi godiya.

Amma tunda kai lissafi ka sani, ga lissafi. Nicolas Joly ma'aikacin banki ne, ya ajiye aikin ya koma gonar gidansu, Coulée de Serrant, a kwarin kogin Loire, ya rungumi ƙaho tun farkon shekarun 1980. Gonar Romanée-Conti ta Burgundi ba ta cika hekta 2 ba, doki ne ke yi mata huɗa don kada tarakta ta danne ƙasa, ita ma ɗariƙar take bi. A 2018 an yi gwanjon kwalbarta ɗaya, ta shekarar 1945, a New York a kan dala 558,000. Ban ce ƙaho ne ya kawo kuɗin ba, a 1945 ba su fara binnewa ba. Ina dai nuna maka cewa mutanen da ke da wannan dukiya a ƙasa ba sa barin mahaukaci ya taɓa musu ita.

Yanzu ga ɗan'uwana mai digirin noma ya ɗaga hannu. Inabi ba ya bukatar ƙudan zuma, furensa shi ke yi wa kansa barbara. Ka ci jarrabawa, ƙanena, haka yake. Furen ɗan mitsitsi ne, kore, ba shi da wani ruwan zaƙi da zai ja baƙo. Mangwaro da kankana da kabewa suna jiran ƙwari, inabi ba ruwansa. To me ya haɗa kifi da kaska?

Amsar tana tsakanin layuka. Gonar inabin da ake fesa wa maganin ciyawa ƙasa ce tsirara, kamar filin idi bayan shara. Mai ƙaho ba ya fesawa, saboda haka dole ya zauna lafiya da ciyawa. Yana shuka dangin wake da wasu masu fure a tsakanin layuka, su riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta daga gangare, su ƙara mata ƙarfi, su tara ƙwarin da ke cinye masu ɓarna. Inda fure yake, nan ƙudan zuma yake sauka. Shi ya sa wasunsu ke ajiye amya a gefen gona: in ta yi albarka, ka san babu guba a kusa, in ka wayi gari ka ga gawarwaki a bakin amya, ka je ka tambayi maƙwabci me ya fesa jiya. A ganina abin da ya ceci zuman shi ne abin da manomin ya daina zubawa, da kuma yawan zagaya gonar da ɗariƙar ta tilasta masa. Mutumin da zai tsaya awa guda yana juya ruwa a ganga ba zai kasa lura da ganyen da ya canza launi ba.

Har ma an daɗe ana yi wa ƙudan zuma sharrin cewa shi ke fasa 'ya'yan inabi. Bakinsa ba ya huda fatar lafiyayyen inabi. Tsuntsu da rina ne ke fasawa, shi ya zo lasa a kama shi a wurin. Da ma an san za a rina. Ita ma rinar, masu bincike a Italiya sun gano a 2012 cewa tana ɗauke da yisti a cikinta har ta fita daga sanyi, ta kai shi kan inabi. Kowa da aikinsa, har ɓarawo.

Kada ku zaci abin wasa ne a can, har kotu an je. A 2013 hukuma a yankin Côte-d'Or ta umarci duk mai gonar inabi ya yi feshi saboda wata cuta da ke nannaɗe ganye, ta busar da 'ya'ya, ba ta da magani sai tuge itacen. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle da bai fi ƙwayar shinkafa ba ne ke yaɗa ta, asalinsa daga Amurka. Emmanuel Giboulot, manomin bayodainamik a kusa da Beaune, ya ce shi kam a'a. Hujjarsa ita ce ba a tabbatar da cutar a yankinsu ba, kuma ko maganin da aka halatta wa irinsu, wanda ake tatsa daga fure, ba ya bambance mugun ƙwaro da ƙudan zuma. A lokacin laifin na iya kai mutum gidan yari wata 6 da tarar yuro 30,000. A Afrilun 2014 aka ci shi tarar yuro 1,000, aka jingine rabi. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi, ba don ta yarda da ƙaho ba, umarnin hukumar ne ba a bi ƙa'ida wajen fitar da shi ba. Kuma ku sani, har cikin masu noma irin nasa akwai waɗanda ba su yaba ba. Cutar da ke tsallaka iyakar gona ba ta tambayar aƙidar mai ita. Ni dai na fi tausaya wa maƙwabcinsa fiye da yadda magoya bayansa suka yi.

Su ma waliyyan ba su tsira daga bakina ba. Funfuna na cin inabi, kuma abin da suke kare shi da shi haɗin jan ƙarfe ne da farar ƙasa, wanda Millardet ya yaɗa a Bordeaux a shekarun 1880. Asali shafa shi ake yi wa inabin bakin hanya don masu wucewa su ga shuɗi su ji tsoron tsinka, sai aka lura wanda aka shafa ba ya kamuwa. Maganin ɓarayi ya zama maganin cuta. Amma jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake a ƙasa, yana cutar da tanar da suke alfahari da ita. Dole Tarayyar Turai ta kafa iyaka tun 2019: kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7.

To, ku da kuke ta dariya, bari in juyo. Amyar kakana ta ciyawa ce, da kashin shanu yake yaɓe ta kafin ya ɗora ta a kan ɗorawa, babu wanda ya kira shi boka. Tsofaffinmu suna duba Kaza da 'Ya'yanta a sama su ce damina ta kusa, ba wanda ya ce su kawo sakamakon gwaji. Inabin ma muna nomawa, na ci, ku je Kudan ta jihar Kaduna ku gani, garin da ƙugiya ɗaya ce ta raba sunansa da na ƙudan zuma. Faransa ta haramta magungunan ƙwari na neyonikotinoyid a 2018, a 2021 kuma ta ƙayyade cewa amfanin da ƙudan zuma ke sauka a kansa, in yana fure, ba a yi masa feshi sai daga awa 2 kafin faɗuwar rana zuwa awa 3 bayanta, lokacin da ya koma gida.

Bara na tsaya a gefen gonar wani aminina. Wake ya yi fure fari fat, ƙudan zuma na ta gunji a kai, rana tsaka, ga shi da tanki a baya, ba riga, ba takunkumi, silifa a ƙafa, yana fesawa yana tauna goro. Na ba shi labarin Baturen da ke binne ƙaho. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce wallahi Turawa sun haukace. Sannan ya goge hannu a wando, ya tambaye ni ko na san inda ake samun zuma mai kyau, don ta garin nan duk sukari ce.